Yara 87 a aji huɗu: ta yaya zan riƙe su ba tare da bulala ba?

Sabuwar Malama ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da yayyena a aikin koyarwa. Na zo neman shawara a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun farkon wannan zango. Bara na kammala karatun malanta na NCE, aka ɗauke ni aiki a wata makarantar firamare ta gwamnati a cikin birnin Kano, aka danƙa mini aji huɗu. Sunaye 87 ne a rajistata, kodayake waɗanda suke zuwa kullum ba su cika wuce 70 ba. Benci 12 muke da shi, saboda haka fiye da rabin yaran a kan tabarma suke zama. A kwaleji an karantar da mu cewa tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, kuma yanzu na gane cewa dabarun da muka haddace muka zuba a takardar jarrabawa, irin wancan ajin aka tsara wa su.

Idan na shiga aji, yaran sukan miƙe su gaishe ni, su yi tsit na kamar minti goma, amma da zarar na juya na fuskanci allo, sai bayan ajin ya kaure da surutu da tsokana, wannan ya ƙwace wa wancan fensir, wata ta fashe da kuka. Na sa monita ya riƙa rubuta sunayen masu surutu kamar yadda aka yi mana muna yara, sai abin ya zama sabuwar fitina, domin na gano cewa ba ya rubuta abokansa, wasu kuma har awara suke saya masa lokacin tara don ya goge sunansu. Da abin ya ishe ni, na ɗauki bulala. Sukan yi shiru na ɗan lokaci, amma ba abin da yake shiga kansu, kuma wani yaro da na zane ya yi kwana uku bai zo ba, sai da mahaifiyarsa ta rako shi tana cewa tsorona yake ji. Wannan magana ta tsaya mini a rai. Daga nan na koma sayen alawa da kuɗina ina ba duk wanda ya amsa tambaya. Mako biyu abin ya yi kyau, yanzu kuwa kafin su ɗaga hannu sai sun tambaye ni ko akwai alawa, albashina kuma ba zai ɗauki wannan ba.

Tambayata ita ce, ta wace hanya malami ɗaya zai riƙe aji irin wannan ba tare da duka ba, kuma me zai sa yaron da ba ya sha'awar karatu ya fara sha'awarsa ba don tsoro ko kwaɗayi ba? Ina roƙon waɗanda suka daɗe a cikin aikin su faɗa mini abin da suka gwada da hannunsu. Allah ya saka da alheri.

Hedimasta Mai Ritaya ya rubuta:

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka da abin ya dame ki, domin da yawa daga cikinmu sukan daina damuwa tun kafin su cika shekara a aji. Na fara riƙe alli a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, lokacin da yara suka kwararo makarantu fiye da yadda aka yi tsammani har aka riƙa zaunar da wasu a gindin bishiya, don haka cunkoson ajinki ba baƙon abu ba ne a wurina.

Kafin ki nemi maganin surutu, ki fara binciken inda ciwon yake. Ki ware mako guda, kullum ki kira yara 15 zuwa teburinki ɗaya bayan ɗaya, ki miƙa wa kowanne takarda mai ɗauke da haruffa, da kalmomi, da gajeren labari na Hausa wanda bai wuce layi huɗu ba, ki ce ya karanta. Kada ki gyara masa, kada ki yi masa faɗa, ki dai rubuta a gaban sunansa inda karatunsa ya tsaya. Idan kin gama, ki ɗauko takardun monitanki ki gwada da abin da kika rubuta. Abin da na sha gani a makarantun da na riƙe shi ne, yawancin sunayen da suke maimaituwa a takardar masu surutu, su ne waɗanda ba su iya haɗa baƙi da wasali ba. Yaron da ya kai aji huɗu a wannan hali, ki cika masa allo da Ingilishi ki ce ya kwafa, zane kawai yake yi, kuma idan hannunsa ya gaji ba abin da ya rage masa sai mintsinin na kusa da shi. Ƙari a kan haka, ya gwammace 'yan ajinsu su san shi da rashin ji a kan su san shi da daƙiƙanci, kuma yara sun fi mu iya wannan lissafin.

Da zarar kin san matakin kowa, sai ki yi koyi da malamin tsangaya. Shi yakan zauna da almajirai masu yawan gaske, ba benci, ba jadawali, amma kowane yaro da allonsa, kuma abin da ke kan allon daidai ƙarfinsa ne. Kolo yana kan babbaƙu, titibiri ya yi gaba, gardi kuma yana biya wa na ƙasa da shi. Ban ce ki kwaso duk abin da ake yi a tsangaya ba, domin can ma bulala tana wuce gona da iri, amma hikimar ba kowa aikin da zai iya, da sa wanda ya iya ya taimaki wanda bai iya ba, tamu ce tun kafin zuwan boko. Ki raba ajin rukuni-rukuni, kowane rukuni yara takwas zuwa goma, ki ba kowane rukuni suna da shugaba, ki riƙa canza shugaban duk mako biyu don kada ya zama ɗan ƙaramin sarki.

Shi kuwa monita, ki karɓe takardar nan daga hannunsa gobe da safe. Kin ɗora wa yaro ɗan shekara goma aikin ɗan sanda da na alƙali, ai dole ya ci awara. Ki rarraba ayyukan ajin ga yara da yawa: mai goge allo, mai raba littattafai, mai shimfiɗa tabarmi, mai ɗauko alli daga ofis. Wanda ya fi kowa taurin kai, shi za ki fara ba aiki a gaban kowa, domin so yake a gan shi, kuma ya fi kyau a gan shi yana raba littafi da a gan shi yana tsallen kwaɗo.

Sauran abubuwan ƙanana ne, amma kada ki raina su. Ki rubuta abin da za ki rubuta a allo kafin a shigo daga asambuli ko lokacin tara, don kada ki daɗe kina ba su ƙeya. Ki bar hanya a tsakiyar tabarmi yadda ƙafarki za ta kai ƙarshen aji, ki riƙa koyarwa daga can wani lokaci. Ki zauna da su ku amince a kan dokoki huɗu kacal, a rubuta a manna a bango, kowace doka da abin da zai biyo bayan karya ta, kuma ki zartar a kan kowa daidai, har da ɗan malamin da kuke aiki tare. Sannan ki haddace sunayensu. Kiran “kai, mai jar hula” ba ya tsayar da yaro kamar yadda sunansa yake tsayar da shi.

Malamin Kwalejin Ilimi ya rubuta:

Baba Hedimasta ya riga ya faɗi mafi muhimmanci, kuma na karɓi ƙorafin Malama a kanmu, domin gaskiya ne mukan shirya ɗalibanmu don ajin da ba za su same shi ba. Zan ƙara abin da bincike ya tabbatar, saboda Malama ta san cewa shawarar da aka ba ta tana da tushe.

Wani masani a Amurka mai suna Jacob Kounin ya ɗauki hotunan bidiyo na azuzuwa da dama, ya fitar da sakamakonsa a 1970. Ya fara aikin ne yana zaton zai gano irin tsawatarwar da ta fi tasiri, sai ya tarar cewa malaman da ajinsu yake a natse ba su fi sauran iya hukunci ba. Abin da ya bambanta su shi ne yara sun san idon malamin yana kan kowane lungu na ajin, kuma darasin yana tafiya ba tsaiko, ba a barin giɓi tsakanin aiki da aiki. Ki lura da naki ajin, Malama, za ki ga rikici yakan tashi ne a irin waɗannan giɓoɓin: lokacin da kike neman alli, ko kike duba littafin yaro ɗaya sauran suna jira, ko waɗanda suka gama aiki da wuri ba su san abin da za su yi ba. Saboda haka kullum ki ajiye ƙarin aiki a gefen allo don masu saurin gamawa.

Game da tambayoyi, wata masaniya, Mary Budd Rowe, ta auna a shekarun 1970 ta ga cewa malamai ba su cika jiran fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan sun yi tambaya, amma idan suka jira daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi sukan yi tsawo, kuma yaran da ba su saba magana ba sukan fara shiga. A aji mai yara 70, idan masu ɗaga hannu kawai kike kira, darasin ya zama hira tsakaninki da yara biyar na gaba. Ki yi tambaya, ki hana ɗaga hannu, ki ce kowa ya faɗa wa na kusa da shi amsarsa, sannan ki kira suna daga rajista. Ajin zai yi hayaniya, amma hayaniyar karatu ce, kuma ya kamata ki sanar da shugaban makaranta tun da wuri don kada ya leƙo ya zaci aji ya ƙwace miki.

Abin da ya same ki da alawa ma sananne ne. A 1973 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford sun ɗauki ƙananan yara da suke son zane da kansu, suka yi wa wasu alkawarin kyauta idan sun yi zane. Bayan an daina kyautar, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage yin zanen fiye da waɗanda ba a yi wa ba. Kin mayar da amsa tambaya ciniki, su kuma suna neman farashinsu. Ki daina a hankali, ki maye gurbinta da yabon da yake ambaton abin da yaron ya aikata. “Jiya ka tsaya a kalma uku, yau ka karanta layi guda” ya fi “kai haziƙi ne” amfani, domin na farko yana nuna masa cewa ƙoƙarinsa ne ya kai shi, kuma ko wanda yake na ƙarshe a aji zai iya samunsa.

Gwajin karatun da Baba ya kwatanta kuwa, kusan shi ne ginshiƙin tsarin da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yaɗa, na koyar da yaro daidai matakinsa maimakon daidai ajinsa, wanda aka gwada a Borno da wasu ƙananan hukumomin Kano. Ki tambaya a ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku ko akwai malaman da aka horar a kansa, domin ganin yadda ake yi sau ɗaya ya fi dogon bayani.

Malamin Lissafi ya rubuta:

Da girmamawa ga manyana, ni ina ganin ana neman a ɗora wa wannan baiwar Allah laifin da ba nata ba. Shekarata 14 ina koyarwa a ƙaramar sakandare, kuma na ga yaran da suka iya karatu sarai amma ba sa jin magana, saboda a gida ma ba a ce musu bari. Binciken da aka yi a Amurka a azuzuwa masu yara kaɗan, da fanka da littafi a hannun kowa, ban ga yadda zai yi aiki a kan tabarma a zafin watan Afrilu ba. Mu da bulala aka tashe mu, ga mu nan mun zama mutane, kuma Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko a addini an ce a umarci yaro da salla yana shekara bakwai, a dake shi a kanta yana shekara goma. Ban ce a yi ta jibga ba, amma ranar da yara suka tabbatar malami ba zai taɓa su ba, ranar ajin ya fita daga hannunsa.

Malamin Islamiyya ya rubuta:

Malam, na yarda da kai cewa cunkoson ba laifin Malama ba ne, kuma hukuma ce ya kamata ta raba ajin biyu. Amma tunda ka kawo hujja daga addini, ya dace mu duba ta da kyau. Hadisin da ka ambata yana cikin Sunan Abi Dawud, kuma idan ka lissafa za ka ga tsakanin bakwai da goma akwai shekara uku cur na umarni da tunatarwa, sau biyar a kowace rana, kafin a zo batun duka, a kan salla kuwa, wadda ta fi duk wani darasin da muke koyarwa girma. Wane ne a cikinmu yake haƙurin mako uku da ɗalibi kafin ya ɗaga hannu? Anas ɗan Malik, Allah ya yarda da shi, ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya kuma ba da labarin cewa bai taɓa ce masa ko “uf” ba. Wannan yana cikin Bukhari da Muslim.

Idan kuma binciken Amurka ne bai kwanta maka ba, ga Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406. A cikin Muƙaddimarsa ya ware fasali guda a kan cewa tsanantawa ga masu neman ilimi tana cutar da su. Ya bayyana cewa yaron da aka rena da gallazawa yakan rasa kuzari, kasala ta kama shi, ya koyi ƙarya da yaudara don guje wa hukunci. Ka dubi labarin awarar da ake saya wa monita, ai abin da ya kwatanta ke nan: tsoron hukunci ya koya wa 'yan aji huɗu ba da toshiyar baki. Maganar cewa an dake mu mun zama mutane kuwa, mu da muka jure muke faɗarta. Abokanmu da suka gudu daga makaranta tun aji uku saboda malami ɗaya mai zafin hannu ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Barin duka ba ya nufin barin hukunci. A islamiyyarmu, wanda ya ɓata wuri shi zai gyara shi, wanda ya zagi ɗan'uwansa zai ba shi haƙuri a gaban waɗanda suka ji zagin, wanda ya hana rukuninsa karatu za a raba shi da abokansa ya dawo kusa da malami har a tashi. Idan abu ya maimaitu sau uku sai a kira mahaifi. Kuma nasiha a keɓe ta fi ta cikin taro kama zuciya, musamman ga yaran da suka fara jin kansu.

Uwa a Kwamitin Makaranta ta rubuta:

Ni ba malama ba ce, wakiliyar iyaye mata ce a SBMC, wato kwamitin kula da makarantar unguwarmu, kuma akwai abin da ban ga an taɓo ba. Malama, kafin ki hukunta mai gyangyaɗi ko mai makara, ki tambaye shi abin da ya ci da kuma abin da ya yi kafin ya zo. Akwai 'yan matan da sai sun zagaya da tallan koko ko ƙosai da sassafe sannan su sa kayan makaranta, akwai yaran da ruwa kawai suke sha su fito. Ki sa darasi mai nauyi da farkon safiya, bayan tara kuma ki kawo mai motsa jiki, kamar waƙar lissafi ko wasan kwaikwayo. Sannan ina roƙonki, kada ya zama sai yaro ya yi laifi za a neme mu. Ranar da wata malama ta aiko mini da 'yar takarda cewa ɗana ya karanta shafi guda shi kaɗai, mahaifinsa ajiye takardar ya yi a aljihu yana nuna wa abokansa a majalisa, yaron kuwa bai ƙara fashi ba a wannan zangon. Matar da ta rako ɗanta wurinki, ita ya kamata ki fara aika wa irin wannan saƙo.

Sabuwar Malama ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Baba, da sauran malamaina, da Hajiya. Na jinkirta amsa ne don in gwada tukuna. Yara 72 na samu na yi wa gwajin karatu: 19 sun karanta labarin, 24 sun tsaya a kalmomi, 29 kuma ko haruffa ba su gama ganewa ba, kuma a cikin waɗannan 29 ne na tarar da kusan duk sunayen da suke cikin takardun monita, har da yaron da na zane. Na raba rukuni takwas, na ba shi aikin raba littattafai, jiya kuma na aika wa mahaifiyarsa takarda cewa ya karanta kalma shida. Ajin bai zama yadda nake so ba tukuna, kuma in faɗi gaskiya ga Malamin Lissafi, akwai yara biyu da suka iya karatu sarai amma har yanzu suna ba ni wahala, waɗanda na shirya ganin iyayensu ranar Alhamis. Abin da ya rage mini shi ne manhaja: shugaban makaranta ya amince in ware minti 30 na farkon kowace rana don karatun Hausa na rukuni-rukuni, amma ya tunatar da ni cewa masu duba makarantu littafin tsarin darasi za su buɗe su ga ko na kai inda jadawalin zango ya ce. Baba, a zamaninka yaya kake rubuta irin wannan lokacin a littafin darasi yadda mai dubawa zai karɓa?